Ranar da Sufeto Ya Buɗe Baki

Ni dai tun farko ba kifi na fita saye ba. Ƙwan fitila na je nema, domin ɗaya daga cikin manyan fitilun situdiyona ta mutu ina tsakiyar ɗaukar wani iyali hoto. Shagon masu kayan lantarkin kuwa yana jingine da na wani mai sayar da kifayen ado, irin waɗanda ake zubawa a tankin gilashi a yi ta kallo. Ina jiran a ɗauko mini ƙwan daga sito sai na leƙa, don idon mai hoto ba ya zama wuri ɗaya. Can ƙasa, a tanki na ƙarshe da ke bayan bokitin shara, na hango shi.

Dangin tarwada ne, amma ba irin wadda kowa ya sani ba. Bayansa baƙi mai ɗigo-ɗigo, cikinsa fari fat, wutsiyarsa ja kamar an tsoma ta a fenti. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna da rabi ba, sai dai kan nan faffaɗa, bakin ya kusa zagaye shi, ga gashin baki har shida, biyu daga ciki sun wuce rabin jikinsa. Yana kwance ya murtuke fuska. Na ce a raina wannan ai sufeton 'yan sanda ne da aka hana ƙarin girma. Tun daga nan sunan ya bi shi, ni kuma na kamu da son sa, ba zan ɓoye ba.

Mai kifin, wani siririn mutum mai jiƙaƙƙen hannun riga, ya ga inda idona ya tsaya, sai ya girgiza kai.

"Anti, wannan ba na masu koyo ba ne," in ji shi. "Mafarauci ne, abin da ya shiga bakinsa ya tafi ke nan. Kuma girma yake yi, kafin shekara sai kin canza masa tanki. Ga 'yan jajayen nan, su ko me kika zuba musu ci za su yi."

Da ya san halina da bai faɗi haka ba. Hanya mafi sauƙi ta sa ni yin abu ita ce a ce ya fi ƙarfina. Kafin awa ɗaya an ɗora mini tanki a mota, da injin tace ruwa, da buhun tsakuwa, da dogon hantsaki na roba na ba da abinci. Kwana uku injin yana aiki a situdiyo ruwan yana kwanciya, sannan Mai Kifi ya kawo Sufeto da kansa a cikin leda. Da zai tafi ya miƙo mini wani guntun baƙin bututun roba, irin na masu gyaran famfo.

"Ki saka masa wannan a ciki. Don Allah kada ki manta."

Ban manta ba. Duba shi na yi, na ga muninsa, na jefa shi a durowa. Na sayi kifi ne don a gan shi, ba don ya shige bututun banɗaki ya bar ni da kallon ruwa ba.

Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a, in akwai abin da na iya a duniya to haska abu ne. Na shimfiɗa farar tsakuwa a ƙasan tankin, na manna farar takarda a bayansa. Na ɗaura fitila biyu a sama, ɗaya a gefe daidai inda za ta bugi jar wutsiyar nan. Da na kunna su na ja da baya, wallahi har tsigar jikina ta tashi. Duk wanda ya shigo ɗaukar hoton fasfo sai ya tsaya ya ce masha Allah. Yaran da ke tsala ihu a gaban kyamara suka samu abin kallo, suna dukan gilashin da tafin hannu suna kiran kifi.

Matsala ɗaya ce kawai. Sufeto ya ƙi cin abinci.

Kwana biyun farko ban damu ba, Mai Kifi ya ce baƙunta ce. Na zuba masa ƙwayoyin abincin kifi, suka nutse a gaban hancinsa, ko gashin baki bai motsa ba. Na sayo jatan lande, 'yan ƙwarin ruwan nan masu ɓawo, na ɓare masa, shiru. Na yanka hanta ƙanana-ƙanana, na kawo tsokar ɗanyen kifi, duk suka kwanta a kan farar tsakuwa har suka fara ruɓewa ina tsamo su da hantsaki. Shi kuwa ya cusa kansa a kusurwa, tsakanin gilashi da injin tace ruwa, ya ba duniya baya.

Maƙwabcina tela ne, bango ɗaya ya raba shagunanmu, kuma ba a taɓa yin abu a layin nan ba tare da ya sa baki ba. Ya shigo da igiyar awo rataye a wuya, ya sunkuya ya ƙare wa tankin kallo.

"Mai Hoto, ke ma dai. Ya za ki ba mafarauci mushe? Mai rai yake so."

Washegari ya zo mini da tana cikin gwangwani, wai da hannunsa ya tono su a bayan gidansa. Tanar suka nutse cikin tsakuwa suka ɓace. Na koma wurin Mai Kifi na karɓo 'yan ƙananan kifaye huɗu masu rai na sake su a ciki, na ja kujera na zauna ina jiran in ga farauta. Abin da na gani shi ne kifayen nan huɗu suna cinye abincin Sufeto suna ƙiba. Kafin kwana biyu ɗaya daga cikinsu har kan kansa yake zuwa ya huta.

Tela ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai kin yi sa'a, Mai Hoto. Duk garin nan ke kaɗai kika samu sufeton da ba ya karɓar na goro."

Na yi dariyar yaƙe, amma raina a ɓace yake. Ran kwana na takwas na durƙusa na leƙa ta ƙasa, abin da na gani ya tsinka mini zuciya. Cikin nan nasa fari da ya zo da shi a cike ya lotsa, kan ya ƙara faɗi saboda jikin ya rame. Jan wutsiyar ya koɗe. Hancinsa ya sale wurin goga gilashi. Na kira Mai Kifi, na faɗa masa ba tare da na rage komai ba.

Ya ce, "Anti, gaskiya zan faɗa miki. Babba yakan jure wata guda, amma wannan ƙarami ne, ba shi da abin da zai ci a jikinsa. In ya haura mako biyu a haka, ko ya so ci ba lallai ya iya ba. Ki rage masa haske, ki bar shi ya huta."

Mako biyu. Na ƙirga da yatsa, saura kwana shida.

Na kuwa rage hasken, irin ragewar da mai hoto ya sani. Na ɗauko lemomin da nake sa wa fitila in zan ɗauki jariri, na kafa su. Na juya fitilar gefe ta bugi bango ta dawo a tausashe. Na zo da mitar haske na auna, na ga ya sauka da rabi, na ji daɗin kaina. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in kashe fitilun ba. A wurina duhu kuskure ne da ake gyarawa. Batun a bar shi ya huta kuwa, kowane minti goma sha biyar sai na je na ga ko yana hutawar, har in ɗan ƙwanƙwasa gilashin don in tabbatar yana da rai.

Kwana tara, goma, babu labari. Abinci ma ni ya daina shiga mini. Ina ɗaukar mutane hoto ina cewa su yi murmushi, idona yana kan kusurwar tanki. Ni na ɗauko shi daga inda yake zaune lafiya don in nuna na isa, ga shi yana mutuwa a gabana da yunwa, abinci zube a bakinsa. Kunyar hakan ta fi komai cina.

Ran kwana na goma sha ɗaya da hantsi sai ga Baba. Mahaifina shi ya kafa situdiyon nan tun kafin a haife ni. Shekara shida ke nan da ya bar mini shi ya koma gida wurin rediyonsa. Ba ya zuwa sai da dalili, tun ranar da muka yi sa-in-sa a kan ɗakin wankin hotonsa na baya, wanda na mayar sito na cika da kwalaye da karyayyun kujeru. Ranar ma katin shaidarsa ne ya ƙare, ana neman sabon hoton fasfo. Ya yi sallama kamar baƙo, ya zauna a kan kujerar masu hoto, ya gyara hula. Ina saita kyamara na ga ba ni yake kallo ba.

"Baba, nan za ka duba."

"'Yata, wannan me ya yi miki?"

"Wa?"

"Bawan Allahn can da kika tsare a gaban fitila uku kamar ana yi masa tambayoyi."

Abin da ke cikina na kwana goma sha ɗaya ya taso. Na ce ya ƙi ci ne, na ce babu abin da ban ba shi ba, na lissafo jatan lande da hanta da tana, na ce har hasken na rage, ga mita nan in bai yarda ba. Na ce kifi ba hoto ba ne, don haka a bar ni da abin da ya dame ni. Baba ya bar ni har na gama. Ya tashi ya je gaban tankin, ya daɗe a sunkuye.

"Da kika gan shi a shago, ina yake?"

"A tanki mana."

"Wane tankin? Na sama ko na ƙasa?"

"Na ƙasa. Can bayan bokiti."

"Akwai fitila a wurin?"

Sai na tuna. Babu fitila. Sai da na durƙusa na kare ido da hannu kafin in gan shi sosai ran nan.

"Zo ki duba," in ji Baba. "Dubi idonsa, bai kai ƙwayar wake ba. Dubi kuma gashin bakin nan. Wanda aka yi wa wannan halitta da laluba yake neman abincinsa. Ni shekara talatin da laluba na ci abinci a ɗakin can da kika cika da shara. Na san ɗan'uwana in na gan shi."

An ce girman kai rawanin tsiya. Na tsaya da nawa rawanin a ka na ɗan lokaci, sannan na je na jawo durowa na ɗauko bututun na nuna masa. Ya dubi bututun, ya dube ni.

"Wannan a durowa yake zaune?"

"Muni gare shi, Baba."

"To. Shi ma kifin ai ba don kyau zai shiga ba. Rufe shago."

Da tsakar rana, ana ganiyar ciniki, na juya allon ƙofa. Baba ya zauna yana ba da umarni, ni ina aiki, kamar lokacin da nake 'yar shekara goma sha biyu. Na kashe fitilun uku na kwance su. Na zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, na tsotso ruɓaɓɓen abincin da ya maƙale a tsakuwa, warin da ya taso ya sa na ƙara jin kunya. Na zuba sabon ruwan da ya kwana a bokiti. Na kwashe ƙananan kifayen nan huɗu na kai wa Tela a kwalba, na ce ladan shawararsa ne. Na ɓare farar takardar baya. Na nutsa bututun a hankali na kwantar da shi a tsakiya. Ban gama zare hannuna ba Sufeto ya fito daga kusurwa kamar kibiya ya shige ciki, sai gashin baki biyu a waje.

Baba ya shiga tsohon ɗakinsa. Na ji yana ture kwalaye yana mita, ya fito da ƙura a hula, ɗauke da baƙin labule mai kauri da wata 'yar fitila mai jan gilashi, wayarta duk ta murɗe. Na gane ta nan take. A ƙarƙashinta na fara ganin fuskar mutum tana fitowa a kan farar takarda cikin faranti.

"Takardar hoto ba ta ganin wannan," in ji shi. "Shi kuma ban sani ba. Mu gwada, in ya so mu gan shi, shi bai gan mu ba."

Muka lulluɓe tankin da labulen ta ko'ina, sai ɗan wurin shigar iska a baya. Na ɗauko jatan lande daga firji.

"Mayar," in ji Baba.

"Baba, kwana goma sha ɗaya fa!"

"Zai kai goma sha biyu. Wanda aka firgita ba ya cin abinci, sai hankalinsa ya dawo jikinsa. Gobe ƙarfe huɗu zan zo. Kafin nan kada ki ɗaga labulen nan. Kin taɓa ganin na bar wani ya buɗe mini ƙofa ina tsakiyar wanki?"

"A'a."

"Ko uwarki ba ta taɓa ba."

A gidan duniya ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Washegari tun safe nake zagaya tankin kamar kazar da aka ɗauke wa ƙwai. Ina jin ƙarar injin tace ruwa, ban san ko mai rai yake yi wa aiki ba ko gawa. Sau uku hannuna yana kaiwa bakin labulen ina janyewa. Wata mata ta zo da 'yarta takanas don su ga kifi, na ce yana hutu, ta dube ni kamar na zautu. Tela ya leƙo ya tambaya ko an yi rasuwa ne aka rufe da baƙi, na nuna masa ƙofa da yatsa.

Ƙarfe huɗu daidai Baba ya shigo. Muka kulle ƙofa, muka saki labulen taga, ya sa na toshe ƙasan ƙofar da tsumma, na manna kwali a kan 'yar kafar da rana ke shigowa. Ya sa na kashe waya, har ɗan koren hasken firinta sai da na rufe da salatif. Situdiyon da na sani ya koma duhu ƙirin, ana jin motoci suna wucewa a waje da sauran rana. Sannan ya kunna jar fitilar, ya ajiye ta nesa a kan teburi.

"Zauna. Sai idonki ya saba."

Muka zauna gefe da gefe. A hankali kujeru suka fara fitowa, sannan ƙafafun kyamara, sannan farar hularsa da ta koma ja. Ya ce in ɗage labulen tankin ta gaba, sannu, kada zobena ya taɓa gilashi.

Sufeto yana waje. Ba a kusurwa ba, ba a bututu ba. Yana tafiya a kan tsakuwa a natse, gashin bakin nan a baje gaba suna share ƙasa hagu da dama, jikinsa yana lanƙwasa kamar bai taɓa sanin tsoro ba. Kwana goma sha biyu yana shagona, ranar na fara ganin yadda yake iyo. Na toshe bakina da hannu.

"Yanzu," Baba ya ce a kunnena. "Guda ɗaya. Ki bi ta gefe, kada inuwarki ta faɗa masa."

Na kama jatan lande da dogon hantsakin roba. Baba ya riga ya hana a taɓa tsofaffin hantsakan ɗakin wanki, ya ce maganin hoto ya shiga jikinsu, guba ne. Na nutsa hannu a hankali har abincin ya tsaya ɗan nesa da hancinsa. Na riƙe numfashi, na kafe gwiwar hannu a jikina kamar yadda nake yi in zan ɗauki hoto ba tare da ƙafar kyamara ba. Hannuna ko gezau.

Gashin baki ɗaya ya zo ya taɓa jatan landen. Na biyu ya biyo. Sufeto ya matso har na ga bakin ya ɗan motsa. Sai ya ja da baya, ya juya, ya ci gaba da share tsakuwarsa.

Na sake gwadawa, haka. Na uku ma haka. Hawaye suka cika mini ido, na ce a raina shi ke nan, an makara, abin da Mai Kifi ya faɗa ne ya tabbata.

"Hannunki ya cika tsayawa," Baba ya raɗa. "Dutse ya ɗauka. Ki ɗan motsa shi."

Na motsa, amma motsin ya zo da ƙarfi, ruwa ya kaɗa, Sufeto ya zabura ya koma bakin bututu. Shekara goma sha biyar ina horar da hannun nan kada ya girgiza, yau an ce ya girgiza ya rasa yadda ake yi.

Baba ya matso kusa da tankin. Sannan na ji ya zaro hannunsa na dama daga aljihu.

Hannun nan rawa yake yi. Duk gidanmu mun sani, babu mai faɗa. Shi ya sa ya ajiye kyamara, ko da yake ya ce wa mutane fim ne ya ƙare a kasuwa. Da hagu yake shan shayi, da hagu yake karɓar abu yana ba da haƙuri, na daman kullum yana aljihu. Ko ni ban cika ganinsa a fili ba.

"Ba ni," ya ce. "Kada ki kalle ni, kalli kifin."

Na sa masa hantsakin a hannu. Ina jin robar tana karkarwa tun kafin in sake ta. Ya nutsa shi a ruwa, can nesa da bututun, bai yi ƙoƙarin komai ba, ya bar hannun ya yi halinsa. A cikin jan hasken nan jatan landen ya soma ɓari, yana tsalle ƙanana-ƙanana, yana shure-shure kamar wanda ke neman tserewa. Wallahi da ban ɓare shi da hannuna ba da na rantse yana da rai.

Gashin bakin Sufeto suka miƙe gaba gaba ɗaya. Ya fito daga bakin bututun, ya tsaya cak. Ban ga tahowarsa ba. Ƙara kawai na ji, ɓam, kamar an ja murfin kwalba, ruwa ya fantsamo mana a fuska, hantsakin ya dawo wayam.

Ihun da ya taso mini, Baba ya dafe shi da hannun hagu a kan bakina. Muna kallo Sufeto ya koma ƙasa yana motsa muƙamuƙi, maƙogwaronsa ya kumbura ya sace. Muka jira ko zai amayar. Bai amayar ba. Ya juyo ya dawo daidai wurin da abincin ya fito, ya ɗaga gashin baki sama yana nema.

"Ƙaro," in ji Baba.

Na biyu ko ƙasa bai kai ba aka fizge shi. Na uku kuwa har da bakin hantsakin Sufeto ya haɗa, suka ɗan yi ja-in-ja da Baba kafin ya saki. Na miƙo na huɗu, Baba ya ce a'a, cikin da ya daɗe a rufe ba a cika shi rana ɗaya. Muka saki labulen, muka lallaɓa muka buɗe ƙofa kaɗan, muka fice muka ja ta.

Hasken rana ya kashe mana ido. A nan bakin titi na saki ihun da na riƙe, na yi tsalle kamar yarinya, ni da na aurar da ƙanne biyu. Masu wucewa suka tsaya. Tela ya fito a guje da almakashi a hannu yana tambayar me ya ƙone.

"Ya ci!" na ce. "Sufeto ya ci! Uku!"

"Allahu akbar! Ashe dai yana karɓa, a ɓoye yake so!"

Na kira Mai Kifi ina haki. Ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ce tun da ya nemi ƙari da kansa to ya tsallake, sai dai a ci gaba da ba shi a hankali. Ya tambaya wace dabara na yi, na ce ba ni ba ce, babana ne. Ban taɓa faɗar wata magana da daɗin wannan ba.

Baba yana tsaye a gefe, gaban rigarsa sharkaf da ruwan tanki. Ya ɗaga hannun daman a gaban fuskarsa yana kallonsa yana rawa a cikin rana, a gaban Tela da duk masu wucewa. Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta har na manta.

"Shekara shida ina ɓoye ka," ya ce wa hannun, "ashe sana'a ka canza ba ka faɗa mini ba."

Na share idona da gefen mayafi. "Baba, gobe fa? Ni hannuna ba zai iya ba."

"Zai koya. Kafin nan dai ƙarfe huɗu. Ki fito da jatan landen daga firji tun ƙarfe uku, sanyi ya sake shi. Kuma hoton fasfona har yanzu ba ki ɗauka ba."

"In ka zo na fita aiki fa?"

"Sai in jira a wurin Tela."

Na sa hannu a jakata na ciro zoben makullaina, na ɓamɓare makulli na biyu na ƙofar situdiyo har farcena ya karye, na miƙa masa. Ya dube shi, ya dube ni. Da hannun dama ya karɓa. Ina tsaye ina kallonsa yana tafiya, makullin yana ta kaɗawa a tsakanin yatsunsa, bai mayar da hannun aljihu ba har ya sha kwana.